"Ganin dama" ba ya ceton wanda ruwa ya ci: a tilasta duba kwale-kwalen shaƙatawa



Yau da ɓacin rai na zo, kuma zan faɗi dalili.

A hutun ƙarshen shekara yara suka matsa mini lamba sai na kai su yawon kwale-kwale a kogin Isa. Lokacin ne ruwan da ke gangarowa daga Gine ke isowa Yamai, kogi ya cika ya batse, ga iskar hunturu. Muka je bakin ruwa, muka daidaita da wani mai jirgi a kan jika ɗaya kowane mutum. Jirgin katako ne, an yi masa rumfa da ƙarfe da tamfol, an jera benci, an ɗaura inji a baya. Kafin a tashi na ƙirga mu: mutum 23, yara sun fi rabi. Na miƙa hannu waje, sai na ga tsakanin bakin jirgi da ruwa bai kai tsawon tafin hannuna ba. Wani yaro yana tsugune a tsakiya yana kwashe ruwa da yankakken bido, tun ba mu bar gaɓa ba. Rigunan ruwa uku ne rataye a jikin rumfa, ɗaya igiyarta ta tsinke, kuma babu ta yara ko ɗaya.

Na ce wa mai jirgi, malam, mutum nawa jirgin nan ke ɗauka? Ya yi dariya ya ce: "Alhaji, shekara ashirin ina wanga aiki, ban taɓa kifewa ba. Wanda kwananshi ya ƙare, ko riga goma ka sa mishi sai ya tafi." Na ce wa ya duba jirgin? Ya ce: "Ni na duba abina."

Na sauke yarana. Suka yi ta kuka, uwarsu ta ji kunyar idon jama'a, mai jirgi ya ce kuɗi ba sa dawowa. Jirgi ya tafi ya dawo lafiya, alhamdu lillahi, ni kuma na zama abin dariya a gida har kwana biyu.

Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da wani ƙanen abokina ya yi da dare a fada, da na ba da labarin. Yaro ne mai ilimi, ya yi karatu a waje. Ya ce: "Yaya, kar ka ce a kawo doka. Doka a nan sabuwar ƙofar karɓar na goro ce kawai. A Amurka ma yawancin ƙa'idojin jiragen shaƙatawa na ganin dama ne, masu sana'ar ne ke tsara wa kansu, kuma abin yana tafiya. A wayar da kan mutane, a bar kowa ya gyara nasa."

'Yan fada suka gyaɗa kai, don an ambaci Amurka. To bari mu je Amurkar mu gani. Maganarsa tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne mai kashe mutane.

Gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce: a Amurka akwai wata ƙungiya mai zaman kanta, ABYC, da aka kafa a 1954. Ita ke rubuta ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa da gyaransu: yadda za a ja wayar lantarki, yadda za a ɗaura tankin mai, inda za a ajiye tukunyar gas, kaurin bututun da ke fitar da ruwa. Ƙa'idojin nan ba doka ba ne, ba wanda za a ɗaure don ya saɓa musu. Haka kuma gwamnatin tarayya ba ta tilasta wa mai jirgin kansa ya kai shi a duba kowace shekara ba, kamar yadda muke kai mota bizit. Masu duba jirage ma a can ƙungiyoyinsu ne ke ba su shaida.

Amma ga abin da ƙanen namu bai faɗa ba. Na farko, a ƙarƙashin wannan ganin damar akwai doka mai haƙori. A 1971 majalisar Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar jiragen shaƙatawa, ta ba rundunar tsaron gaɓar teku ikon kafa sharuɗɗan dole a kan masu ƙera jirage. Ƙaramin jirgi mai inji da bai kai ƙafa 20 ba, wato wajen mita 6, dole a manna masa allo da ke nuna yawan mutane da nauyin da zai ɗauka da ƙarfin injin da ya dace da shi. Dole a ƙera shi yadda ko ya cika da ruwa ba zai nutse ƙasa ba. Dole kowane jirgi ya ɗauki rigar ruwa daidai da yawan mutanen da ke cikinsa. Kamfanin da ya fitar da jirgi mai lahani ana sa shi ya kira kayansa ya gyara. A shekarar da aka kafa dokar, a cikin kowane jirgi 100,000 masu rajista mutum 20.6 ke mutuwa a shekara. A 2023 adadin ya sauko zuwa 4.9. Wa'azi da wayar da kai sun taimaka, ba na musu, amma ba su kaɗai suka yi wannan aiki ba.

Na biyu, "ganin damar" Amurka a baki ne kawai. Ka je ka sayi tsohon jirgi da bashin banki: banki zai ce kawo takardar mai duba jirgi. Ka je neman asiransi, wato inshora: kamfani zai ce kawo takarda, kuma sai ka gyara abubuwan da aka lissafa kafin ya karɓe ka. Ka nemi wurin ɗaure jirgi a tasha: da yawa za su ce ina asiransinka. Shi kuwa mai dubawa da ƙa'idojin ABYC yake aunawa. In hatsari ya faru aka je kotu, lauya zai buɗe waɗannan ƙa'idoji ya tambayi maƙeri ko makaniki don me bai bi su ba, kuma diyyar da ake yankewa a can tana iya rufe kamfani. Ka ga ke nan gwamnati ba ta riƙe bulala ba, amma banki da asiransi da alƙali duk suna riƙe da ita.

Yanzu ku dawo da ni bakin kogin Isa. Mai jirgin da ya ɗebi mutum 23, wane banki ya ba shi bashi? Wane kamfanin asiransi ke tambayarsa takarda? In Allah ya kiyaye jirgi ya kife, wace uwa ce za ta ɗauki lauya ta kai shi kotu? Mun san abin da za a yi: za a yi jana'iza, a yi zaman makoki, a ce sai haƙuri, hukuma ta zo ta'aziyya da buhunan shinkafa. Duk sandunan da ke riƙe rumfar ganin dama a Amurka babu ko ɗaya a wurin nan. Wanda ya ɗauko mana rufin ya bar sandunan a can, kanmu zai faɗo.

Kuma ko a Amurkar, duk inda aka bar abu ga ganin dama zalla, sai an yi gawa kafin a farga. Ga misali. Injin jirgi yana fitar da wata iskar guba marar wari marar launi, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da gurup ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. An daɗe da sanin haɗarinta, akwai ƙaramar na'ura mai ƙara in ta taru, kuma ƙa'idar ABYC ta tanadi a sa ta a jirage masu ɗakin kwana. Amma tsofaffin jirage da yawa ba su da ita, don ba dole ba ne. A 2015 wata yarinya 'yar shekara 7 ta kwanta a ɗakin jirgin iyayenta a wani tafki na jihar Minesota, ba ta farka ba. A 2016 jihar ta mayar da na'urar dole, aka sa wa dokar sunan yarinyar. Ilimin yana nan, na'urar tana kasuwa, shawarar tana rubuce. Abin da ya rage kawai kalmar "dole", kuma sai da aka biya ta da ran yarinya.

Misali na biyu kowa ya ji shi a rediyo. A watan Yunin 2023 jirgin nan mai nutso, Titan, ya tarwatse a ƙarƙashin teku da mutum 5 a hanyar zuwa kallon tarkacen Titanik. Kowane fasinja dala 250,000 ake karɓa a hannunsa. Akwai hukumomi masu zaman kansu da aikinsu shi ne su duba irin wannan jirgi su ba shi shaida, kuma sauran masu sana'ar suna kai nasu. Kamfanin OceanGate ya ƙi, ya ce dubawar tana jinkirta ƙirƙira. Tun 2018 masana wannan fanni suka rubuta masa wasiƙar gargaɗi. Da yake abin na ganin dama ne, kuma a tsakiyar teku yake aiki inda dokar ƙasa ba ta cika kaiwa ba, bai ga dama ba. Shugaban kamfanin ma yana cikin waɗanda suka mutu. Wannan ya rushe hujjar da ake yawan kawowa, wai mai jirgi ba zai yi wasa ba tunda shi ma ransa na ciki. Mutum yana iya yarda da kayansa har zuciya, kuma ya yi kuskure. Mai jirginmu da ya ce "ni na duba abina" ba maƙaryaci ba ne, ya dai zama alƙalin kansa ne.

Wannan rigima ma ba sabuwa ba ce. A Ingila, a ƙarni na 19, masu jiragen kaya suna lodi fiye da kima, jirage suna nutsewa da ma'aikata. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutika har a 1876 aka tilasta zana layi a jikin jirgi wanda bai kamata ruwa ya wuce ba. Sai dai dokar farko ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana layin. Kun san abin da zai biyo baya. Sai a 1890 hukuma ta karɓi ikon faɗin inda layin zai zauna. Har gobe manyan jiragen duniya suna ɗauke da wannan alama.

Turai ma ta bi wannan hanya a kan jiragen shaƙatawa. Tun 1998, duk sabon jirgi daga mita 2.5 zuwa mita 24 da za a sayar a Tarayyar Turai dole ya cika sharuɗɗa, ya ɗauki tambarin CE da allon maƙeri mai nuna yawan mutane da irin ruwan da aka ƙera shi dominsa. A Faransa an rubuta kayan ceton da jirgi zai ɗauka gwargwadon nisansa da mafaka: na mil 2 daban, na mil 6 daban, na mil 60 daban. A yawancin koguna da magudanan ruwa na Ingila ba ka samun lasisi sai an duba jirginka, kuma ana sake dubawa duk shekara 4. Abin da ya burge ni a tsarin Ingila shi ne takardar dubawar ta kasu biyu: akwai abubuwan dole, in ka faɗi ɗaya ba takarda, akwai kuma na shawara, mai dubawa zai gaya maka amma ba zai hana ka ba. Na'urar iskar gubar nan da na ambata, tun 2019 ta shiga layin dole a jirage masu ɗaki.

To ƙanena, ka ga ƙasashen da kake kafa hujja da su ba su zaɓi ɗaya suka jefar da ɗaya ba. Sun shimfiɗa dole a ƙasa, suka ɗora ganin dama a sama. Kai kuma kana so mu fara gini daga sama.

Wani zai ce, ai wannan duk labarin Turawa ne da jiragensu na alfarma, mu me ya haɗa mu? Abin da ya haɗa mu shi ne ruwa. Kogin Isa yana ratsa ƙasarmu wajen kilomita 550, daga iyakar Mali zuwa Gaya. Ana kai baƙi kallon dorina a Ayoru, ana yawon Bubon, ana tsallaka mutane kasuwa. Muna da tafkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni. Kuma a wurinmu jirgin shaƙatawa da jirgin haya duk jirgi ɗaya ne: wanda ya kai 'yan kasuwa da safe shi zai ɗauki samari da 'yan mata masu ɗaukar hoto da yamma. Bambancin kawai, ɗan kasuwar bakin kogi wataƙila ya iya ninƙaya, amma yaron da ya zo hutu daga Dakwaro ko Tanut bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba.

Ba mu manta da watan Fabrairun 2019 ba, lokacin da jirgin da ya ɗebo 'yan kasuwa daga Benin ya kife a yankin Sambera cikin jihar Doso, mutum fiye da 40 suka ɓace. A maƙwabta kuwa abin ya zama kamar na kowace shekara. A watan Mayun 2021 jirgi ya karye a kan hanyar kasuwar Wara ta jihar Kebbi da mutum fiye da 150, kaɗan aka ceto. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya nutse da ɗaliban islamiyya masu zuwa maulidi, aka rasa aƙalla 29. A Yunin 2023 a Patigi ta jihar Kwara mutum fiye da 100 suka mutu suna dawowa daga biki. Ku duba bayanan da ke biyo bayan irin waɗannan hatsarurruka, kusan kullum abu guda ake maimaitawa: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, tafiyar dare, babu rigar ruwa. Ko a Amurka, a 2023, kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka mutu a hatsarin jirgin shaƙatawa nutsewa suka yi, kuma kashi 87 cikin 100 na waɗannan ba su sa rigar ruwa ba. Gemun ɗan'uwa ya daɗe da kama wuta, mu har yanzu muna muhawarar ko ya dace a shafa wa namu ruwa.

Yanzu bari in ba masu adawa da ni haƙƙinsu, don suna da hujjoji biyu masu nauyi.

Ta farko: takarda ba ta hana jirgi kifewa. Haka ne. A ranar 2 ga Oktoban 2005 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a tafkin Joj na jihar New York da fasinja 47, yawancinsu tsofaffi, 20 suka mutu. Jirgin yana da takardarsa, an yarda ya ɗauki kusan mutum 50. Amma tun bayan da aka yi wannan lissafi an canza masa rumfa, nauyi ya ƙaru a sama, ba wanda ya sake gwada tsayuwarsa a ruwa. Lissafin ma an yi shi ne a kan cewa kowane fasinja kilo 63 ne da ɗoriya, alhali mutane sun yi ƙiba. Da masu bincike suka sake aunawa, suka ce mutum 14 ya kamata ya ɗauka. Ku tuna rumfar ƙarfen da na ce an ɗora wa jirgin da na sauka daga ciki. Darasin da na ɗauka a nan shi ne dubawar sau ɗaya ba ta wadatar ba: duk ranar da aka ƙara rumfa, aka canza inji, aka ƙara benci, jirgi ya zama wani jirgi, sai an sake dubawa. Wanda ya ce tunda doka ta yi rauni a yar da ita, kamar wanda ya ce tunda ƙofa ba ta rufuwa sosai a cire ta ne.

Ta biyu: cin hanci. Ita ce ta fi ƙarfi, don duk wanda ya taɓa ganin motar da ba ta da birki tana yawo da takardar bizit sabuwa ful ya san abin da ake nufi. Najeriya tana da hukumar kula da hanyoyin ruwa tun 1997, tana da ƙa'idojin da suka hana tafiyar dare suka wajabta rigar ruwa, amma jirage ba su daina kifewa ba. Na yarda. Sai dai maganin wannan shi ne a yi dokar da kowa zai iya ganin an karya ta da idonsa. Takarda a aljihu ana sayen ta. Lamba da aka rubuta da fenti a goshin jirgi, "MUTUM 12", da jan layi a gefensa, tsohuwa ma da ba ta yi lakwal ba jikanta zai karanta mata, ta ƙirga kawuna, ta ga ko layi ya nutse. Da a ce akwai wannan lamba ranar da na sauke yarana, da ba ni kaɗai zan yi gardama ba, kuma da ba ni za a yi wa dariya ba.

Don haka ga abin da nake kira a tilasta, a duk wurin da ake ɗaukar mutum a jirgi a karɓi kuɗinsa, kuma ba shi da yawa.

Ɗaya: kowane jirgi ya samu lamba, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan baƙaƙe, a ja layin lodi. Gwajin ba ya bukatar kwamfuta. Bido mai lita 25 in an cika shi da ruwa kilo 25 ne, uku sun tashi kilo 75, nauyin da Turai ke lissafa babban mutum da shi. A jera bidoji a kan benci, a auna abin da ya rage tsakanin baki da ruwa, a matsar da su gefe ɗaya a ga yadda jirgi zai karkata.

Biyu: rigar ruwa ga kowane fasinja, a jikinsa, har da ta yara. Rigar babba a jikin ƙaramin yaro zamewa take ta kansa in ya faɗa ruwa.

Uku: a duba jikin jirgi sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya cika, a fito da shi tudu, a ƙwanƙwasa katako a ji inda ya ruɓe, a duba ƙusoshi da toshin da ke tsakanin alluna, da inda aka ɗaura inji, da inda ake ajiye mai. A sake dubawa duk lokacin da aka yi wa jirgi ƙari.

Huɗu: ba yawon shaƙatawa bayan magariba, ba tashi in hadari ya haɗu.

Biyar: a kowace tasha a samu mutum ɗaya da littafi, ya rubuta jirgin da ya tashi da yawan mutanensa. Abin kunya ne a ce jirgi ya kife a kwana uku ana gardamar mutum nawa ne a ciki.

Wa zai duba? Kar a turo mana wani daga ofis wanda bai san bambancin katako mai rai da ruɓaɓɓe ba. A haɗa sarkin ruwa da dattawan sarkawa, da kafintan da ke ƙera jirage, da 'yan kwana-kwana, da wakilin magajin gari. Kuɗin dubawa a rubuta shi a allo a bakin tasha, a ba da rasit. Waɗanda suka sa hannu a rubuta sunayensu, in jirgin da suka wanke ya ɓalle saboda ruɓa su ma a tambaye su. A ba masu jirage wa'adin wata shida, ƙungiyarsu ta sayi riguna a dunƙule a ajiye a tasha, wanda zai tashi ya ɗauka ya dawo da su. Magadan gari da ke karɓar haraji a bakin ruwa su zuba wani abu a ciki.

Duk abin da ya wuce waɗannan biyar, a bar shi ga ganin dama: akwatin magani, koyon ceto, waya a cikin leda, inji na biyu, kujeru masu laushi. A nan ne gasa za ta yi amfani, mai jirgin da ya fi kyautatawa otal-otal su riƙa tura masa baƙi. Kuma masu dubawa su yi gaskiya irin ta tsarin Ingila, su ce wannan dole ne, wannan shawara ce, kar su cakuɗa su don su tsorata talaka ya buɗe aljihu.

Ga masu jirage, 'yan'uwana, ba gaba nake da ku ba. Dokar nan ku za ta fara karewa. Yau mai tsoron Allah da ya tsaya a mutum 12 yana kallo maƙwabcinsa ya ɗebi 23 ya ninka shi ciniki. Gobe shi ma zai ƙara, don yara na jiran cefane a gida. Ganin dama kullum mai gaskiya yake hukuntawa. In lamba ta hau kan kowa, ba wanda zai ci kasuwar wani da ran fasinja. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganar kwana ya ƙare kuwa, ba wanda ke jayayya da ƙaddara. Amma mai jirgin da ya faɗa mini haka na ga ya ɗaure jirginsa da igiya biyu da zai tafi salla. Bai ce in Allah ya rubuta jirgi zai tsaya ba sai an ɗaure ba. Abin da ya yi wa dukiyarsa shi nake roƙo ya yi wa 'ya'yan mutane.

Ina kira ga magadan garin da ke da kogi ko tafki a yankinsu, da gwamnoni, da ma'aikatar sufuri: kar ku jira ranar da za ku zo ta'aziyya da kyamara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma iyaye, kafin hukuma ta motsa, ku ƙirga kawuna, ku miƙa hannu ku auna ruwa, ku tambayi riga. In babu, ku sauko. Yarana sun yi kukan awa ɗaya sun manta, jiya ma ƙaramar ta tambaye ni yaushe za mu koma. Na ce mata ranar da aka rubuta lamba a goshin jirgi.

Allah ya tsare mu da zuri'armu, a tudu da cikin ruwa. Amin.